Tsohon Batir A Ƙarƙashin Tebur: Hasarar Da 'Yan Kasuwarmu Ba Su Lissafa Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

A cikin watan Satumba na shekarar 2025 aka yi gobara biyu, kwana goma tsakaninsu, ɗaya a Ikko ɗaya a ƙasar Koriya ta Kudu, kuma ko wacce daga cikinsu a ɗakin ajiye batura ta soma. Ta farko ta tashi ran 16 ga watan a benen Afriland da ke kan titin Broad a tsibirin Ikko, unguwar da 'yan'uwanmu 'yan canji suka sani kamar yunwar cikinsu. Mutum 10 suka riga mu gidan gaskiya, 4 daga cikinsu ma'aikatan hukumar tara haraji ta tarayya ne. Hukumar kashe gobara ta Jihar Legas ta bayyana cewa daga ɗakin inbata na ƙarƙashin ƙasa wutar ta taso, hayaƙi ya bi benen ya turnuƙe mutane a ofisoshinsu. Allah Ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Ta biyu kuwa ran 26 ga watan ta auku a birnin Dejon, a cibiyar da gwamnatin Koriya ta Kudu ke ajiye manyan kwamfutocinta. Ma'aikata na cikin aikin cire baturan riƙon wuta don a mayar da su wani ɗaki nesa da kwamfutocin, sai ɗaya ya yi tartsatsi ya kama. Sai da aka kwana aka yini kafin a kashe wutar. Ayyukan gwamnati 709 da ake gudanarwa ta intanet suka tsaya cik, kuma wani rumbu da ma'aikatan gwamnati ke zuba takardunsu a ciki ya ƙone ƙurmus, ba tare da an ajiye kwafinsa a wani wuri ba. Baturan nan tun 2014 aka saka su, wa'adinsu shekara 10 ne, an kuwa ba da shawarar a canja su tun 2024 ba a canja ba. Daga baya binciken 'yan sanda ya ɗora laifin a kan yadda aka yi aikin, watau an sa hannu a batura ba a yanke musu wuta yadda ya kamata ba. Ke nan tsohon batir abin tsoro ne idan aka bar shi, abin tsoro ne kuma idan wanda bai san aikin ba ya taɓa shi.

To, mai karatu da ke Mile 12, ko Alaba Rago, ko Sabon Badun, ko Ama Hausa ta Owerri, zai ce me ya haɗa shi da benaye da gwamnatin Koriya. Abin da ya haɗa shi shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin teburin yaron shagonsa, wanda ke kuka ƙit-ƙit-ƙit duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Masu sana'a na kiransa UPS, mu kuwa sai mu ce akwatin riƙon wuta. Shi da na Koriya uwarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta su.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin Naira, ciniki ya koma taransifa ko ana so ko ba a so. Dillalin da a da littafi da biro suka ishe shi, yau lissafin bashinsa, da rasit, da jerin kayan da ke sito, duk suna cikin kwamfuta. 'Yan canji, masu kemis, masu kamfanin sufuri da ke loda mota daga Ikko zuwa Kano, kowa ya shiga. Amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da ke tsare da wannan lissafi a daidai lokacin da wuta ta ɗauke.

Akwai wani dattijo ɗan garinmu mai cinikin hatsi a Ikko, wanda na ziyarta bayan abin ya same shi. Yaronsa na cikin shigar da lissafin yini aka ɗauke wuta, akwatin ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu, kwamfutar ta bi shi. Da aka tada janareto sai ta ƙi buɗewa, mai gyara ya ce rumbun ajiyarta ya rikice. Bashin wata uku ya tafi, masu tsoron Allah suka zo suka faɗi abin da ake bin su, saura kuwa suka yi shiru. Na ce masa, "Alhaji, yaushe rabon da a canja batirin akwatin nan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe akwai batir a ciki?" Shekara 5 akwatin na ƙarƙashin tebur, fitilarsa kore na ci, kowa na zaton lafiya lau yake.

Wannan shi ne makircin abin. Muddin akwai wuta, mataccen batir da rayayye kamanninsu ɗaya. Ba ka sanin ya ci amanarka sai ranar da ka neme shi.

Abin Da Ke Cikin Akwatin

Aikin akwatin riƙon wuta ba wai ya maye gurbin janareto ba ne, ko da yake da yawa haka suka ɗauke shi. Aikinsa shi ne ya karɓi nauyin kwamfuta cikin ƙiftawar ido, kafin ma ta san an ɗauke wuta, ya riƙe ta 'yan mintoci har a adana aiki a kashe ta da kyau, ko kuwa a tada inji. Ƙananan da aka fi sayarwa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Alaba, yawancinsu batir ɗaya ne a ciki mai bolt 12, irin na dalma da ruwan batir, amma rufaffe wanda ba a ƙara masa ruwa. A takarda, irin wanda aka rubuta wa 7Ah zai iya riƙe kwamfuta mai cin wat 150 wajen rabin sa'a. A aikace kuwa, saboda ana zuƙe shi da sauri kuma wani ɓangare na ƙarfin yana ɓacewa wajen juya wutar, in ka sami minti 10 zuwa 15 daga sabo ka gode Allah. In ya shekara biyu zuwa uku, mintocin nan sai su koma biyu, sa'an nan su koma babu.

Masu ƙera baturan suna rubuta cewa za su yi shekara 3 zuwa 5. Abin da mai shago ba ya gaya maka shi ne, wannan alkawari an yi shi ne a kan ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suka yarda da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanan batir biyu. Yanzu ka dubi shagon kwano a Agege ko Anacha da tsakar rana, babu taga, akwatin na kusurwa an ɗora masa kwali da tabarmar salla. Zafin cikinsa ya kai digiri 35 ko ya fi. Batirin da aka yi wa alkawarin shekara 4, shekara 2 ce rabonsa. Wanda ke da reshen shago a Kantin Kwari ko Dawanau ko Sakkwato, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, sai ya ƙara rage lissafi.

Zafi ke nan. Sai kuma yawan aiki. A Ingila ko Jamus akwatin riƙon wuta na iya shekara bai yi aiki sau biyu ba. Namu kuwa sai ya yi sau biyar kafin azahar. Batirin dalma irin wannan, in ana zuƙe shi har ƙasa, sau ɗari biyu zuwa ɗari uku ne iyakarsa. Wanda ya mayar da shi janareto, yana ci gaba da aiki har sai akwatin ya kashe kansa, cikin 'yan watanni zai cinye wannan adadi. Har ila yau ƙaramin janareto da ke hawa yana sauka yakan sa akwatin ya ƙi amincewa da wutarsa, ya riƙa komawa kan batir alhali inji na ruri a waje, mai shi kuwa yana zaton caji ake yi.

Abu na uku ya fi shafar 'yan'uwa na gida. Batirin dalma in ya ƙare aka bar shi kwana da kwanaki babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa, kuma ba ya komawa yadda yake. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da layin Shiroro zuwa Kaduna ke lalace sa'an nan layin da ya taso daga Ugwuaji ta Inugu zuwa Apir ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Duk batirin da ya kwanta babu caji a waɗannan kwanaki ya sami rauni, ko da ya farfaɗo daga baya.

Ba sabon abu ba ne a ce wutar ƙasar nan ba abin dogaro ba ce. Tun da aka haɗa hukumar lantarki ta ECN da ta madatsun ruwan Neja aka kafa NEPA a 1972, aka mayar da ita PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba 2013, suna ne ke canjawa. Wutar da ke isa ga jama'ar da ta haura miliyan 200 ta daɗe tana kai da komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma a shekarar 2024 kaɗai babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau 10. Ko masu rukunin A, da aka ƙara musu kuɗin wuta zuwa Naira 225 kowane yunit a watan Afrilu 2024 bisa alkawarin awa 20 a rana, ba a yi musu alkawarin cewa sauran awa 4 ɗin za su zo da sallama ba. Kwamfuta kuwa daƙiƙa ɗaya ta ishe ta lalacewa.

A Canja Batir Ko A Sayi Sabo?

Nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma nan ne da yawa suke ja da baya. Kusan duk waɗannan batura daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen Naira 460 take, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500. Alal misali, kayan dala 20 da a da yake Naira 9,200, ya koma 30,000, ban da kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ga kuma man fetur da aka janye wa tallafi ran 29 ga Mayu 2023. Mai shagon da ke fama da waɗannan, in aka ce ya fitar da kuɗi don abin da a ganinsa bai lalace ba, sai ya ce a bari sai wani watan. Ban ga laifinsa ba, amma lissafinsa bai cika ba, domin bai sa kuɗin littafin bashinsa a ɗaya ɓangaren sikelin ba.

A ganina, in akwatin bai wuce shekara 5 ko 6 ba kuma ba ya wari ko zafi fiye da ƙima, batir kawai za a canja, kuma yawanci bai kai kuɗin sabon akwati ba. In ya doshi shekara 8 zuwa 10, to, ba batir kaɗai ya tsufa ba. Akwai fanka, akwai wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta da ke bushewa da shekaru, akwai ɓangaren da ke yin caji. Tsohon akwati mai cajin da ya wuce ƙima sai ya dafa sabon batir cikin wata shida, ya kumbura kamar burodi. Zuba sabon batir a irin wannan, zuba ruwa ne a rariya.

Gwada shi ba ya bukatar injiniya. A adana duk aikin da ke kan kwamfuta, a kashe makunnin soket ɗin bango, a dubi agogo. In bai riƙe rabin mintocin da yake yi yana sabo ba, lokaci ya yi. In kuwa an buɗe an ga batirin ya kumbura, ko ya tsage, ko bakinsa ya yi farin gari, ko ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada a jira gobe. Manyan akwatuna masu batura 2 ko 4 ko 16 a jere, duka ake canjawa lokaci guda, domin tsoho ɗaya a cikin sababbi shi zai ja su ƙasa. Irin waɗannan kuma ba aikin yaron shago ba ne. Batura 16 a jere sun kusa bolt 200, kuma kashe makunni ba ya kashe su. Sufana ɗaya in ta haɗa baki biyu, ko zoben azurfa a yatsa, ya isa ya tada wuta.

Wajen saye ma akwai tarko. Batir na tsufa ko a cikin kwalinsa yake, kuma masu ƙera shi suna cewa a yi masa caji duk wata shida in yana ajiye. Wanda ya yi watanni a teku, ya yi wasu a tashar Apapa, ya shekara a sito mai zafi, sabo ne a ido amma ya ci rabin kwanansa. Saboda haka a nemi a ga ranar da aka ƙera shi, a sa mai shago ya ɗora masa mita a gabanka, cikakken batir mai bolt 12 ya kamata ya nuna kusan 13. A ɗaga shi a hannu kuma, domin dalma nauyi gare ta: na gaske mai 7Ah ya kai kilo 2 ko ya ɗara, wanda ya yi sakayau an rage masa farantai. A karɓi rasit da garanti a rubuce. 'Yan gwanjo da ake cirowa daga ofisoshin Turai, can ma wa'adinsu ne ya cika aka cire su. Hukumar SON ita ke da alhakin tsare ƙasar nan daga jabun kaya, amma ba za ta bi ka shago ba.

Ana ta yayata batirin litiyam, kuma gaskiya ne ya fi daɗewa, ya fi jure zafi da yawan caji, nau'in da ake sa wa sola yana iya kai shekara 8 zuwa 10. Sai dai kuɗinsa ya ninka, kuma ba ko wane tsohon akwati ne ya san yadda zai yi masa caji ba. Wutar litiyam in ta kama tana da wuyar kashewa, na Dejon ma litiyam ne. Wanda zai koma kansa, ya sayi akwatin da aka ƙera dominsa, kada a yi masa haɗe-haɗe a bakin titi. Kuma ba kowa ne ma ke bukatar akwatin ba: mai kwamfutar hannu da na'urar POS batirinsu na jikinsu. Masu kwamfutar tebur, da na'urar intanet, da rikodar kyamarar tsaro su ne abin ya zama wa dole. Firinta mai zafi, da fanka, da butar lantarki ta shayi, ba wurinsu ba ne, ko da yake na sha ganin an cusa su.

Ina Mataccen Yake Zuwa?

Wannan ɓangare ya fi damuna, domin mu ne a tsakiyarsa. In aka cire mataccen batir a Ikko ko Fatakwal, wa ke sayensa? Yaranmu ne 'yan jari-bola masu tura baro, da iyayen gidansu 'yan gwangwan. Su ke ɗaukarsa, wasu su fasa shi da adda a zubar da ruwan a kwata don a auna dalmar zalla, da hannu babu safa, sa'an nan a zauna a ci abinci a wurin. Daga nan kaya ya wuce masana'antun narkarwa, waɗanda da yawansu ke Ogijo a Jihar Ogun, kusa da Ikorodu. A watan Nuwamba 2025 jaridar New York Times ta Amurka ta buga binciken da aka yi a garin, inda gwajin jini ya nuna gubar dalma a jikin mafi yawan waɗanda aka gwada, ma'aikata da yara, kuma a cikin shekarar hukumar NESREA mai kula da muhalli ta rufe wasu daga cikin masana'antun.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir da ta dutse guba ɗaya ce. Ba ta da wari, ba ta sa zazzaɓi nan take, sai dai ta taru a jini ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro da ƙodar babba. Matashin da ya yi shekara uku yana fasa batir a Ojota, ya koma gida da tufafin aikinsa a jaka, bai san abin da ya kai wa 'ya'yansa ba.

Gwamnatin tarayya ta fito da dokar kula da batura a 2024, wadda ta ɗora wa masu shigo da su da masu ƙera su alhakin karɓar matattu a kai inda za a sarrafa su ba tare da cutar da jama'a ba. Doka ce mai kyau a takarda. Amma muddin mai baro ya fi biyan kuɗi a hannu, kuma babu wurin karɓa a Ikeja ko Alaba da kowa ya sani, batir zai ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan na Kudu suna da abin yi a nan wanda bai bukaci kasafin kuɗi ba: su hana fasa batir a cikin zango da kusa da masu abinci, a riƙa sayar da shi a rufe yadda aka same shi. Mai shago kuma, in zai canja, ya mayar da tsohon ga wanda ya sayar masa da sabo, a rage masa wani abu a kuɗin.

Dattijon nan mai hatsi ya sayi sabon akwati, ya ɗora shi a kan benci kusa da ƙofa inda iska ke shiga, yaron ya rubuta watan da aka saka batir a jikin farar takarda ya manna. Kowace Juma'a ana kwafe lissafi a filashi, Alhaji ya sa a aljihu ya tafi da shi gida. Tsohon littafinsa mai jan bango ma ya dawo kan tebur, kuma ya ce duk bashin da ya haura Naira dubu 50 sai an rubuta shi a wuri biyu.